Gara eriya ta sauko da a ce yaro ya hau

A garuruwanmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, in eriyar talabijin ta karkace ko wayarta ta tsinke a can sama, ba maigida ke hawa ba. Yaro ake kira, ɗan shekara 12 ko 13, wai don shi ne mara nauyi. Sai ya taka katanga ya haye kwano, ko ya ɗare bedi da filaya a baki, manya na ƙasa suna cewa juya ta gabas, a'a ka wuce, dawo kaɗan. A ƙauyukan da rezo ba ya zama, shi ɗin dai ake miƙa wa salula a ce ya hau gawo ya kira yayansa da ke Legas ko Agadas. Mun saba da abin har mun daina ganin gangancinsa, alhali tsawon da ake tura yaron ya isa ya karya masa ƙugu ko ƙashin baya, kuma kwanon da ya sha damina goma bai yi wa kowa alkawarin ɗaukar nauyinsa ba.

Da malamai da iyaye nake wannan magana. Turken eriya ya kamata ya zama mai rusunawa, wanda za a kwantar da shi a gyara abin da ya lalace ana tsaye a ƙasa, sannan a tayar da shi. Kuma a ganina filin makaranta ne ya fi cancanta a fara ƙera irinsa, da hannun 'yan kwaleji da mai waldar gari, domin kimiyya da lissafin da ke cikin wannan ɗan aiki sun fi zama a kan yaro a kan abin da yake kwafa daga allo ya haddace don jarrabawar BEPC ya manta bayan mako biyu.

Dabarar ba tawa ba ce, ta masu rediyon sha'awa ce. Akwai mutane a duniya da rediyo ya zame musu abin so, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru ko doki. Ba gidan rediyo gare su ba, ba sa karanta labarai, ba sa sa waƙa. Jarrabawa suke yi, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, su haɗa na'ura a ɗaki su kafa eriya a tsakar gida, su yi hira da 'yan uwansu na wani gari ko wata nahiya ba tare da sun bi ta kamfanin waya ba. An kafa ƙungiyarsu ta duniya a Faris ranar 18 ga Afrilun 1925, kuma kowace ƙasa da harufan da lambobinta ke farawa da su: Nijar 5U, Nijeriya 5N. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Da yawansu dattawa ne da gwiwa ta daina yarda da tsani, ga shi kuma kullum suna cikin canza eriya, shi ya sa suka matsa wa kansu har suka fito da turken da ke saukowa ya same su.

In ka ga hoton turken nasu dariya za ta kama ka, don jigo ne. Duk wanda ya girma kusa da lambunan Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba kafin injin ban ruwa ya yawaita ya san jigo: dirka biyu, sanda a gicciye, doguwar sanda a kanta, guga a wannan kai, curin laka a wancan. Curin lakar ne ke ɗaga ruwan, mai lambu saita shi kawai yake yi. Sandar da ake tare mota da ita a shingen babbar hanya ma haka take, ƙarfe mai tsawon mita biyar ko shida amma mutum ɗaya ke ɗaga shi da hannu guda, saboda nauyin da aka ɗaura masa a gindi. Abin da littafin kimiyya ke zana wa yaro da kibiyoyi da harufan Girka, kakansa ya yi shekaru yana ban ruwa da shi. Mu ne muka kasa haɗa masa biyun.

Ga yadda ƙirar take. Bututun ƙarfe mita 6 ake sayar da shi. A samu mai kauri guda, a yanko mita 4 daga wanda bai kai shi kauri ba, a zura mita 1 cikin babban a ɗaure da noti, an samu turke mai mita 9. Sai a kafa ginshiƙan ƙarfe biyu dab da juna, su fito mita 2 daga ƙasa, a ratsa kawunansu da ƙarfe mai kauri wanda turken zai riƙa juyawa a kansa. Kada a huda turken a wannan wuri, don nan ne ya fi shan wahala. A liƙa masa gajeren bututu a gicciye da walda, ƙarfen ya bi ta ciki. In turken ya miƙe, gindinsa na shiga tsakanin ginshiƙan, a zura wani ƙarfen a sa kwaɗo, makulli ya tafi aljihun darakta. In za a kwantar, a cire kwaɗo, kai ya sauko a hankali ya huta a kan dirkar da aka kafa masa.

To malam, ga darasinka. A ce turken kilo 40 ne, eriya kilo 5. Tsakiyar turken tana mita 4 da rabi daga gindi, wato mita 2 da rabi gaba da inda yake juyawa, 40 sau 2 da rabi ya ba da 100. Eriya tana mita 7 daga wurin, 5 sau 7 ya ba da 35. An samu 135. Gindi kuwa mita 2 ne kacal, saboda haka nauyin da zai daidaita su shi ne 135 a raba biyu, kilo 67 da rabi, buhun siminti guda da sulusi har da ɗan ɗori. Yaro mai kai zai ɗaga hannu ya ce malam, ai babban bututun ya fi ƙaramin nauyi, tsakiyar nauyin ba ta tsakiyar tsawon. Ya yi gaskiya. A ba shi igiya, shi da abokansa su rataye turken a reshe su nemo inda ya daina rinjaya, su auna su sake lissafin. Na fi son wannan gardamar a kan aji mai shiru da kowa ya ci 15 bisa 20.

A aikace ba a daidaita su cif. Ana barin kai ya ɗan rinjaya, a ɗaura igiyar ƙarfe a gindin, ta bi ta na'urar naɗi ta hannu mai haƙora, irin wadda ba ta sakin igiya ko hannu ya kuɓuce. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: lokacin tayarwa da kwantarwa ba wanda zai tsaya ƙarƙashin turken, ko malami ko ɗalibi ko akuyar maigadi.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe abu. Ginshiƙan suna son rami mai zurfin kamar mita 1, a zuba kankare, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Magina sun san kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma nan ne za a yi fama da yara da ma iyayensu, don kowa zai so a tayar washegari. Sai igiyoyin da za su riƙe shi ta fuska huɗu. In an ɗaura igiya a mita 8 daga ƙasa, aka kafa maƙalarta mita 6 daga gindi, tsawonta mita 10 ne, 6 da 8 da 10, ƙa'idar Pitagoras da ake wahalar da 'yan kwaleji da ita. A bar su su lissafa kafin a je kasuwa, a yanko yadda suka faɗa. In ta gaza, su ne za su yi wa kwamitin iyaye bayani.

Wani zai ce me ya sa mita 9, me ya hana 20 tunda an fara? Amsar tana cikin siffar duniya. Igiyoyin FM da ire-irensu a miƙe suke tafiya kamar haske, duniya kuma a lanƙwashe take, saboda haka tsawon eriya ne ke yanke inda za su kai. Masu aikin rediyo suna da ɗan lissafi: a ɗauki tushen murabba'in tsawon a mita, a ninka shi da 4 da ɗan kaɗan, a samu nisa a kilomita. Mutum a tsaye da na'ura a hannu, kamar kilomita 5. Turke mai mita 9, kilomita 12. Kafin ka ninka nisan nan biyu sai ka ninka tsawon huɗu, mita 36, wanda ya fi ƙarfin mai waldar unguwa da aljihun makaranta. Amma turaka biyu nisansu haɗuwa yake yi, 12 da 12, kuma tsakanin garin Agye da garin Gazawa bai wuce kilomita 20 ba. Tudun rairayi da itatuwa na rage wani abu, musamman a ƙasar Agye inda manoman su Ɗan Saga suka raya gawo da sauran itatuwa a gonaki har labarin ya zagaya duniya. Wannan ragi ne da ba wanda zai yi kuka da shi. Mita 9 dai ta ɗaga eriya sama da rufin aji da ƙananan itatuwa, kuma ta tsaya a inda mutum uku za su iya sarrafa ta.

Babban abokin gaba iska ce. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana ninkuwa huɗu in gudunta ya ninku biyu. Iska mai gudun kilomita 50 a awa tana dannan mita murabba'i guda da kamar kilo 12, mai gudun 100 kuma da kusan kilo 50. Duk wanda ya ga jan hadarin farkon damina ya taso daga gabas ya kwashe kwanon aji ya san wadda nake nufi. Ko Markoni, wanda ake jingina wa ƙirƙiro rediyo, bai tsira ba: a watan Satumban 1901 guguwa ta zubar da dogayen turakan da ya kafa a Poldu, a gaɓar tekun Ingila, dole ya yi maneji da ƙaramar eriya, a ɗaya gefen tekun kuma ya tayar da wayarsa sama da abin da iska ke ɗagawa irin na wasan yara, kafin saƙon ya ƙetare Atilantika a watan Disamba. Shi da kuɗin kamfani ke nan.

Turke mai rusunawa ba ya kokawa da iska, kwanciya yake yi ta wuce. Nan kuma kalandar makarantarmu ta yi mana gata, domin dogon hutu da damina tare suke zuwa. A kwantar da shi a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a cire eriya a kai ofis, a tayar a Oktoba in an koma. Maganar tsawa ma ta ragu ƙwarai da haka, ko da yake ba ta ƙare ba: a kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa a gindin turken a haɗa su da waya mai kauri, kuma da an ga hadari a cire wayar da ta shiga aji a fitar da ita waje. Wutar lantarki kuwa ba a yi mata wayo. Babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, bolt 132,000 yake ɗauka, kowa na tsoronsa. Ƙananan wayoyin cikin gari ne aka raina, su ne kuma bututu mai mita 9 zai iya taɓawa in ya karkata. A bar tazarar da ta ninka tsawon turken biyu tsakaninsa da kowace wayar wuta, a kuma tabbata ko ya faɗi ta kowace fuska ba zai sami aji ko hanyar wucewar yara ba. Makarantar da ba ta da wannan fili ta haƙura.

Me za a ɗora a kai? Abin da yaran suka ƙera. Igiyar rediyo gudun haske take yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tashar da ke kan megahaz 100 tsawon igiyarta mita 3 ne, eriyarta kuma sanduna biyu ne na alminiyam ko jan ƙarfe, kowanne santimita 70 da 'yan kai. Rukuni ɗaya ya yanka daidai, wani ya yanka gajere, wani dogo, a ɗora ɗaya bayan ɗaya a ƙirga tashoshin da kowacce ta kamo. Da turken da sai an hau, gwaji ɗaya za a yi a shekara, a yi shi kuma cikin fargaba. Da mai rusunawa, uku za a yi kafin a tashi tara. In makaranta ta sami kwamfuta da 'yar na'urar kama igiyoyin rediyo da ake soka mata, mai kama da kilen adana bayanai, akwai abin da ya fi haka. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya cikin kamar minti 90 a tsawon kusan kilomita 400, tana bi ta samanmu, kuma tun shekarar 2000 'yan sama jannatin cikinta ke magana da 'yan makaranta ta rediyon sha'awa. Muryarsu kan sauko a megahaz 145.8, wani lokacin ma hotuna suke turowa. Eriyar wannan zango sandunanta ba su kai rabin mita ba. Yarinyar Tsibiri ko Gangara da ta ji wannan da eriyar da ta yanka da hannunta, ba sai an roƙe ta ta zaɓi fannin kimiyya a lise ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Yara na zaune a ƙasa cikin ajin zana, ba mu manta da gobarar da ta ci 'yan makaranta a Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ba, kai kuma kana zancen turken eriya? Gaskiya ne, in kuɗin aji ne za a taɓa, a bar turken. Amma bututu biyu da buhunan siminti kaɗan da igiya ba su gina aji, kuma irin wannan ɗan kuɗi kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye kan tara shi don bikin ƙarshen shekara, a ci a sha a watse. Kwalejojinmu na karkara da yawa ba su da ɗakin gwaji, ba kuma gobe za su samu ba. Jiran ɗakin gwaji ya sa yara sun gama kwaleji ba su taɓa auna komai da hannunsu ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsaro. Ƙasar Gidan Rumji ta sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu a bakin iyaka, kuma tun 2019 ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara. A irin wannan yanayi, dogon ƙarfe da waya a bayan makaranta abin tambaya ne, kuma jami'in da ya tambaya aikinsa ya yi. Saboda haka kafin a haƙa rami, darakta da shugaban iyaye su je su gaida magajin gari da hakimi da jandarma, su nuna zanen, su faɗi abin da za a yi, su gayyace su ranar tayarwa. Kulob ɗin makaranta kuma saurare kawai zai yi. Watsa murya a iska sai da lasisi, hukumar ARCEP ce ke kula da zangunan sadarwa a Nijar, kuma malamin da ya sayo oba-oba a kasuwa ya raba wa yara ba da izini ba ya jefa su cikin abin da ba zai iya fitar da su ba. In wata rana malamai biyu, ɗaya a Agye ɗaya a Gazawa, suka bi hanya suka sami lambar 5U, to lissafin 12 da 12 ɗin nan zai samu masu gwada shi.

Akwai kuma masu jin nauyin a ce mai walda ya shigo makaranta ya koyar. Wannan girman kan ya daɗe yana cutar da mu. Mai waldar da ke ƙera amalanke da ƙofofi ya fi malamin kimiyya sanin inda ƙarfe ke karyewa, malamin kuma ya fi shi sanin dalili. Yaran da ke shagonsa da yawa waɗanda makaranta ta kora ne, ko suka gudu da kansu. Ranar da suka dawo filin da injin walda, 'yan aji suna riƙe musu awo, kowane ɓangare zai ga abin da ɗaya ya fi shi. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke garuruwanmu ma suna da masu koyon aikin ƙarfe da ke neman abin da za su ƙera wanda ba kujera ba, ga kuma Lise Teknik Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, inda ba za a rasa wanda zai duba zane ya ce wannan bututun ya yi siriri ba. A nemi wannan dubawar, kada a tsallake ta.

Rediyo da makaranta ba baƙin juna ba ne a ƙasar nan. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar, mutane su taru su saurari shiri su tattauna a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo, malaman makaranta na cikin masu jan ragamarsu. A 1964 aka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, abin da ƙasashe da dama suka zo kallo. A 1999 rediyon karkara mai aiki da hasken rana ya fara magana a Bankilare, daga nan irinsa ya bazu. A duk waɗannan, na'urar daga waje take zuwa, in ta lalace a jira wani ya zo daga Yamai. Turken nan aƙalla a garin za a yanka shi, a garin za a liƙa, wanda ya liƙa kuma yana nan bakin kasuwa.

Ku iyaye, ko makaranta ta yi ko ba ta yi ba, na gida bai kai wannan wahala ba. Gora ko bututu mai mita 5 ko 6, dirka biyu, ƙarfe a gicciye, dutse ko tsohon bulo a gindi, ya ishi eriyar talabijin. Maƙwabci ya gani zai tambaya wa ya yi maka.

Makarantar da ke so ta fara, lokacin sanyi ne lokacinta. A zuba kankare a Disamba, ya sha ruwansa ya kwana 28, a yi walda da yankan igiya a Janairu. Ranar 13 ga Fabrairu ita ce ranar rediyo ta duniya, iskar hunturu ta fara lafawa, hadari kuma da saura wata uku. A tayar da safe kafin iska ta tashi, mutum uku a kan aikin, sauran duka bayan layin da aka ja da toka.